Abincin teku da makomar 'ya'yan kifin salmon a gaɓar yammacin Amurka

Kifin salmon na Tekun Fasifik a kogi ake ƙyanƙyashe shi, a teku yake girma, sannan ya komo kogin da ya fito ya zuba ƙwai ya mutu. Mafi haɗarin zangon rayuwarsa shi ne makonnin farko da ɗan kifin ya shiga ruwan gishiri. Idan bai yi saurin girma ba, tsuntsaye da manyan kifaye ne za su cinye shi.

Saurin girman kuwa ya rataya ne a kan iska. A gaɓar Kalifoniya da Oregon, iskar arewa takan kaɗa daga wajen watan Afrilu ta ture ruwan sama daga gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ɗauke da sinadaran da ke ciyar da tsirran ruwa. A wannan ruwa ne wasu mitsi-mitsin halittu dangin jatan lande, masu tara kitse a jiki, suke yawaita. Ƙananan kifaye su ci su, 'ya'yan salmon kuma su ci kifayen. Idan teku ya ɗumama, sai ire-irensu na kudu marasa maiƙo su maye gurbi. Ciki yana iya cika, amma jiki ba ya amsawa.

An ga hakan a 2005, lokacin da tasowar ruwan sanyin ta makara. 'Ya'yan salmon na Kogin Sakramento suka isa teku suka tarar da fayau. Manyan kifayen da ke komowa kogin a ƙarshen shekara, waɗanda suka haura dubu 700 a 2002, ba su kai dubu 100 ba a 2007. A 2008 aka haramta kamun salmon a tekun Kalifoniya da mafi yawan gaɓar Oregon. Daga 2014 zuwa 2016 kuma wani makeken ruwan ɗumi da aka laƙaba wa suna Blob ya sake rikita abincin.

Lamarin 2020 ya fi ɗaure kai. A gidajen ƙyanƙyasar kifi na Kalifoniya aka ga 'yan ƙyanƙyasa suna wulwulawa a ruwa suna mutuwa. Ba cuta ba ce. Iyayensu sun ƙoshi a teku, amma kusan da kifin ancobi kaɗai, wanda ke ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, don haka ƙwansu ya fito da ƙarancinsa. Da aka zuba bitamin ɗin a ruwan renon, da yawa suka farfaɗo. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a kogi ba su da mai yi musu wannan gata.

Ɗora laifi a kan teku abu ne mai sauƙi ga hukumomi, domin teku ba ya halartar zaman majalisa. Sai dai masanan hukumar NOAA da suka binciki faɗuwar Sakramento sun nuna cewa teku ya zo ne a ƙarshe: madatsun ruwa, lalacewar kogi da dogaro da kifin gidan ƙyanƙyasa sun riga sun raunana kifin. A 2023 da 2024, bayan fari da taƙaddama kan ruwan da ake karkatarwa zuwa gonaki, an sake rufe kamun salmon a Kalifoniya, masunta suka ɗaure jiragensu.