Tsakanin ƙaho da ƙaho: wasannin kasada a ƙasar Kurfai

Ranar 1 ga watan Afirilu na shekarar 1979, wasu samari ƴan wata ƙungiya ta birnin Okusfod suka ɗaura igiyar roba a jikinsu, suka diro daga gadar Kilifton da ke Biristol, a Ingila. Ƴan sanda suka kama su. Kafin shekara goma ta cika, a 1988, an buɗe wurin yin wannan dirowa don kuɗi a gadar Kawarau ta ƙasar Niyu Zilan, kuma daga nan wasannin kasada suka zama kasuwa mai zaman kanta. Yau akwai masu sulalowa daga dutse mai aman wuta na Sero Negiro a Nikaraguwa bisa allon katako, akwai masu faɗowa daga ƙwanƙolin tsauni da riga mai fukafukai. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne, samarin Okusfod ba su ƙago kome ba. Sun kwaikwayi mutanen tsibirin Fentikos na ƙasar Banuwatu ne, waɗanda ke dirowa daga hasumiyar itace da kurangar daji ɗaure a idon sawu, tsakanin watan Afirilu da na Yuni, lokacin da doya ke nuna. A can al'ada ce mai lokaci da masu ita da dalili. Turawa suka ɗauki dirowar, suka bar doyar.

Wannan ɗan labari yana da amfani ga mai son fahimtar wasannin da aka gada a ƙasar Kurfai, domin a nan ma jefa rai cikin haɗari bai taɓa zama abin da mutum ke yi shi kaɗai, don jin daɗin bugun zuciyarsa ba. Hausa kanta ta rarrabe. Akwai ganganci, wato yin abu ba lissafi. Akwai karambani, wato shiga abin da ba naka ba, irin na akuya mai gai da kura. Akwai kasada, wadda mai yin ta ya san yana iya hasara amma ya yarda. Sannan akwai jarunta. Aiki ɗaya yana iya samun kowane daga cikin sunayen nan huɗu, gwargwadon wanda ya yi shi. Ɗan mahauci in ya faɗa kan sa, jarumi ne. Ɗan malami in ya yi haka, ko da ya sauko lafiya, karambani ya yi, kuma gida za a yi masa faɗa.

Kurfai ita ce iyakar ƙasar Hausa ta wajen yamma. Babban garinta, Filinge, yana cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Kurfayawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Suje, suna danganta asalinsu da Adar, kuma sun zauna ne a tsakiyar maƙwabta iri-iri: Zabarmawan Tondikandiya, Abzinawan Imanan da na Tagazar, da Fulani masu bin kwarin da dabbobinsu. Ƙarni na 19 ya wuce musu cikin hari da ramuwar hari, har zuwan Faransawa a farkon ƙarni na 20. Ba banza ba ne gidan sarautar Filinge ke amsa sunan Mayaƙi. Ƙasa ce kuma ta shanu. Kasuwar Lahadi ta Filinge da kasuwar Abala sun daɗe suna tara dabbobin arewa, kuma a Tukunus, ƴar tafiya kaɗan daga Filinge, aka kafa tashar kiwo a 1954 don inganta irin shanun Azawak. Yaƙi da shanu, daga waɗannan biyu wasannin kasada na irin wannan ƙasa suka fito.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne hawan ƙaho, wasan mahauta a duk faɗin ƙasar Hausa. Asalinsa aiki ne, ba wasa ba. San da za a yanka, musamman a jajiberen salla ko ranar babbar kasuwa, dole a kai shi mahauta da ƙafarsa, kuma bijimin da ya girma a daji ba ya bin mutum don an roƙe shi. Sai a sa masa igiya biyu, ɗaya a gaba wajen wuya ko gindin ƙaho, ɗaya a ƙafar baya, kowace da ƙarti riƙe da ita. A ratsa gari da shi, makaɗan kalangu na biye, yara na tsokana suna watsewa. In aka iso fili, a sassauta igiyar gaba. Makaɗi ya juya kiɗa, ya fara kiran wani saurayi da takensa, yana ambaton ubansa da kakansa da shanun da suka hau. Saurayin ya fito ya yi kirari, ya tunkari san gaba da gaba. Daidai lokacin da san ya sunkuyar da kai zai kai suka, sai ya faɗa tsakanin ƙahonin, cikinsa bisa goshin san, ya rungume wuya ko ya damƙi tozo. San ya yi ta girgiza shi, yana ɗaga shi sama yana neman yar da shi. Duk wasan bai fi ƴan daƙiƙoƙi ba.

Wurin da ya fi kowane haɗari a jikin sa, wato tsakanin ƙahoni, shi ne kuma wurin da tsinin ƙaho ba ya kaiwa. Hikimar ke nan. Haɗarin yana wajen shiga da wajen fita. Wanda ya yi saurin faɗawa zai tarar da kan san bai sauko ba. Wanda ya yi jinkiri zai gamu da tsini. Shi ya sa irin san ma abin dubawa ne. Ƙahon Azawak gajere ne, wurin kwanciya tsakaninsa kaɗan ne. Jan san Bororo kuwa ƙahonsa dogo ne, buɗaɗɗe, ga shi da zafin rai da rashin sabo da mutanen gari. Sauka ta fi hawa wuya, kuma a nan ne ake gane cewa wasan ba na mutum ɗaya ba ne. Ran mai hawa yana hannun masu riƙe da igiyar baya. Su ne za su fizge ƙafar san a daidai lokacin da ɗan'uwansu zai saki wuya ya mirgina gefe. In suka yi sakaci, ko akwai wata tsohuwar gaba tsakaninsu da shi, to sai dai wani ikon Allah. Mai dirowa daga gada ya dogara da igiyar da injiniya ya auna. Mai hawan ƙaho ya dogara da ƴan'uwan da ya ci tuwo da su jiya.

Mai karatun Faransanci zai tuna da wasan shanu na kudancin Faransa, inda a yankin Land ake tsallake saniya mai gudu, a Kamarg kuma ake fizge ƙyalle daga ƙahon sa. Zai tuna da zanen bangon fadar Kunosos a tsibirin Kirit, mai shekara fiye da 3000, inda aka zana mutum yana wuntsilawa bisa bayan bijimi. Kamannin gaskiya ne, amma akwai bambanci babba. A Kamarg san shi ne tauraro, ana rubuta sunansa a takardar talla, yana komawa makiyaya bayan wasa. San mahauta kuwa wasansa na farko shi ne na ƙarshe. Washegari naman da ke kan faifai nasa ne, kuma mai saye ya san wanda ya hau shi. Hawan ƙaho talla ne na sana'a, nuni ne cewa gidan Sarkin Fawa bai rasa maza ba.

Ba a shiga filin nan da tsoka kaɗai. Akwai guru a ƙugu, akwai kambu a damtse, akwai layu da abin da aka sha tun yarinta. Masu ilimin zamani sukan yi wa wannan dariya, malaman addini kuma sukan yi tir da shi, amma mai nazarin tarihi ba ya da ikon tsallake shi, domin ta nan gado ke bi. Uba ba ya ba kowa asirinsa sai ɗansa ko amintaccen baransa, kuma tare da laya ake ba da abin da ya fi laya, wato sanin halin sa: yadda yake kallo, yadda yake tona ƙasa, wace ƙafa yake fara ɗagawa. Ƴan tauri su ne suka kai wannan imani matuƙa. In kiɗansu ya tashi, sai mutum ya zare wuƙa ya yi ta gurza ta a ciki ko a wuya, yana neman a shaida cewa ƙarfe ba ya cin sa. A zamanin hari wannan ba nishaɗi ba ne, gwaji ne na waɗanda za a sa a gaba ranar da mahara suka ɓullo. Da yaƙin mashi da takobi ya ƙare, tauri ya koma farauta da dandali, ya zama wasan tuna abin da ya wuce.

Sharo na Fulani, wanda ake kuma kira shaɗi, ya bi wata hanya dabam. A nan babu sa, babu wuƙa, babu ma kare kai. Saurayi ne zai tsaya tsirara daga ƙugu zuwa sama, ya ɗaga hannu, sau da yawa da madubi yana duban fuskarsa, tsaransa ya zabga masa tsumagiya a haƙarƙari. Ba a son ya motsa, ba a son ko gira ta nuna. Bashi ne kuma, wanda ya buga yau zai tsaya wata rana a rama. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida, kuma duk da sharo ba nasu ba ne, da wuya a sami karin maganar da ta fi wannan bayyana shi. Yaron da zai kwana da garke inda kura ke yawo yana nuna wa dangi da ƴan mata cewa ya fi tsoron kunya da tsoron zafi. Tabon da ya rage a jiki shi ne takardar shaidarsa.

To, me ya sa ɗalibin yau ya san sunayen ƴan kokowa ɗaya bayan ɗaya, amma bai san sunan mai hawan ƙaho ko ɗaya ba? Amsar tana cikin zaɓin da hukuma ta yi. A 1975, shekara ɗaya bayan hawan Seyni Kunce mulki, wanda shi kansa ɗan Fandu ne a cikin tsohuwar gundumar Filinge, aka shirya gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Daga nan kokowa ta sami filaye, da alƙalai, da dokoki a rubuce, da rediyo, daga baya da talabijin da takobi. Zaɓin yana da ma'ana. Kokowa ta kowa ce, Bahaushe da Bazabarme da Babarbare duk suna yin ta, ba ta da gidan da ya gaje ta, kuma wanda aka kayar yakan tashi ya karkaɗe ƙasa. Gwamnatin da ke neman haɗa kan ƙasa ba za ta ɗauki wasan da ke na mahauta kaɗai ba, ko na Fulani kaɗai, balle wanda ake iya ɗaukar gawa a cikinsa. Sai dai abin da aka shigar fili ya sami tarihi, da shekaru da jerin zakaru, abin da aka bari a waje ya zauna a bakin makaɗa.

Ko na'urar ɗaukar hoto ma bakin kogi ta fi bi. Jan Rush, wanda ya yi shekaru yana aiki a yammacin Nijar, ya ɗauki farautar dorina ta Sorkawa a wajajen Ayoru a 1951, ya kuma kammala fim ɗinsa na farautar zaki da baka a 1965, wanda ya yi da maharban wajajen Yatakala. Duka biyu a cikin jihar Tilaberi ta yau suke. Saboda waɗannan finafinai, ɗalibi a Paris yana iya ganin yadda ake haɗa dafin kibiya da yadda ake roƙon gafarar zakin da aka harbe. Su ma, abin lura, ayyuka ne na gado masu amfani ga jama'a, domin makiyaya ne ke kiran maharba in zaki ya addabi garke.

Abubuwan da suka raunana wasannin nan suna da yawa, kuma wa'azi ɗaya ne kawai daga ciki. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun karkashe garkuna, sun tura samari ci-rani zuwa Yamai da Legas da bakin teku. Makaranta ta ba ɗan mahauci wata hanyar yin suna. Rashin tsaro ya zo daga baya: tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar, har da Abala, kuma taron dare da kiɗa ba sa jituwa da irin wannan hali. Dambe, wanda shi ma asalinsa wasan mahauta ne, ya sami wata rayuwa a Nijeriya, inda ake shirya shi da tikiti ana watsa shi ta YouTube, domin dambe ba ya bukatar kome sai mutum biyu da zare.

Hawan ƙaho kuwa yana bukatar sa, kuma yana bukatar san ya ratsa gari da ƙafarsa. Yau bijimin da aka saya ranar Lahadi a Filinge, galibi a babbar mota ake loda shi tare da ƴan'uwansa, a bi da shi ta Baleyara, kafin gari ya waye yana bakin mayankar Yamai. Ba a sa masa igiyar baya ba, ba wanda ya kira makaɗi.