Hoton Wata Yarinya (zanen Mary Beale)

Hoton Wata Yarinya zane ne na fentin mai a kan ƙyalle, wanda mai zane 'yar Ingila Mary Beale ta yi a wajajen shekarar 1681. Yana cikin tarin zane-zanen gidan Tate da ke Landan. Har yau ba a tabbatar da ko wace ce yarinyar da ke cikinsa ba.

Mai zanen

An haifi Mary Beale a shekarar 1633 a ƙauyen Barrow da ke yankin Suffolk, ta rasu a Landan a 1699. Tana cikin matan farko a Ingila da suka riƙi zane a matsayin sana'ar ciyar da gida. Tun daga 1670 take aiki a gidanta na unguwar Pall Mall, kuma salonta ya bi sawun na Peter Lely, babban mai zanen fadar Sarki Charles na Biyu, wanda abokin iyalinta ne. Mijinta, Charles Beale, shi ke haɗa mata fenti, yana shirya ƙyallaye, yana kuma rubuta lissafi.

Dalilin rashin suna

Kusan duk abin da aka sani game da aikinta na yau da kullum daga littattafan mijin ya fito, musamman na 1677 da na 1681. A 1677 kasuwa ta buɗe mata, ta samu fam 429. Zuwa 1681 masu kawo aiki sun ragu, sai ta riƙa zana mutanen gida da na kusa da ita don ƙara ƙwarewa. Charles kuma yana gwada mata ƙyallaye masu araha, har da buhun albasa da yadin katifa.

Masana na sanya wannan zane cikin irin waɗannan ayyuka. Attajirin da ya biya kuɗin hotonsa, sunansa kan bi hoton zuwa gidan iyalinsa, jikoki su gada. Wanda aka yi don gwaji kuwa a ɗakin aiki yake zama, ba mai saye, ba takardar biya. Littafin 1681 ya ambaci wasu da suka zauna mata, ciki har da Kate Trioche, mai taimaka mata a ɗakin zane, amma bai fayyace wane hoto ne na wa ba.