Yankan Linzami a Ƙasar Haɗejiya, Daga Askar Wanzami Zuwa Almakashin Asibiti

Linzami, a bakin wanzamai, shi ne tantanin da ke haɗa ƙarƙashin harshe da ƙasan baki idan ya yi gajarta ko kauri, ko kuwa ya zarce har kusa da tsinin harshen, ta yadda jariri ba ya iya ɗaga harshensa ko miƙo shi ya wuce dasashi. Kowane mutum da wannan tantani ake haifarsa, kuma a 'yan tsirarun jarirai ne kawai, galibinsu maza, yake takura harshe.

A Kafin Hausa da Bulangu da Auyo, kamar sauran ƙasar Hausa, duba bakin jariri aikin wanzamin gida ne tun kafin Turawa su ci Haɗejiya da yaƙi a 1906, domin wanzanci sana'a ce ta gado da ke ƙarƙashin Sarkin Aska, kuma kowane gida yana da wanzamin da ya gada, wanda ke zuwa da zabirarsa a kwanakin farko na haihuwa ya cire beli, ya dawo ranar suna ya yi askin jariri, a sallame shi da kuɗi da hatsi da kasonsa na naman rago. Abin da ya fi damun iyaye game da linzami shi ne magana, saboda haka sau da yawa sai an ga yaro ya yi jinkirin buɗe baki ko yana i'ina sannan a kira wanzami ya ɗaga harshen ya tsinke tantanin da bakin aska. A garuruwan fadama, inda ambaliyar Kogin Haɗejiya kan yanke hanyoyi da damina, kusancin wanzami kaɗai ya isa ya sa a riƙa nemansa ko bayan zuwan asibiti.

Wannan aiki yana da tushe mai tsawo a likitancin Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya keɓe masa babi a littafinsa At-Tasrif, inda ya umarci a yanka tantanin a gicciye, ya yi gargaɗin kada a zurfafa har a taɓa jijiyar jini, sannan ya ce a sa ƙyalle ƙarƙashin harshe don kada wurin ya sake haɗewa. Dalilinsa, kamar na wanzamai, gyaran magana ne. A Turai kuwa ungozomomi sun daɗe suna yaga shi da farce.

Babban sauyin da likitancin zamani ya kawo yana cikin dalilin yankan, domin aikin kansa bai canja sosai ba. Yanzu shayarwa ake dubawa: jaririn da ya kasa kama nono da kyau, yana saki yana kamawa, ba ya ƙara nauyi, mahaifiyarsa kuma kan nononta na tsagewa. Idan ma'aikacin lafiya ya kalli yadda yake tsotso, ya gyara wa uwa yadda take riƙe shi, matsalar ba ta gushe ba, sai a yanka tantanin da almakashin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, aikin da ba ya wuce daƙiƙoƙi, a miƙa wa uwa ɗanta ta shayar nan take. Hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Ingila ta amince da hakan a 2005. Amma hujjar cewa yankan yana hana matsalar magana daga baya rarrauna ce, kuma i'ina ba daga linzami take ba. Likitocin zamani ma sun yi nasu wuce gona da iri, domin a asibitocin Amurka yawan yankan ya ninka kusan goma tsakanin 1997 da 2012, har ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ja kunne a 2024 cewa ana yi wa jariran da ba su bukata.

Adalcin da ya kamata a yi wa wanzamai shi ne a raba ayyukansu biyu da al'ada ta haɗa. Linzami larura ce ta gaske da suka gano da idonsu, alhali beli halitta ce lafiyayya da babu dalilin cire ta. Duk da haka, askar da ba a tafasa ba tana iya jawo cutar sarƙe haƙora ko ciwon hanta, jinin ɗanyen jariri kuma bai cika saurin daskarewa ba, musamman wanda aka haifa a gida bai sami allurar bitamin K ba. Tun da aka kafa Jihar Jigawa a 1991 asibitoci sun ƙara kusantar jama'a, kuma akwai babban asibiti a Kafin Hausa da kuma Haɗejiya, don haka wanzamin da ya ga linzami a yau aikinsa shi ne ya tura iyayen can a duba yadda jaririn ke shan nono kafin a taɓa harshensa.