Hatimin Maƙeran Landan: Yadda Tsohuwar Azurfa Ke Faɗin Asalinta

A manyan gidajen gwanjo na Landan da Faris akan sayar da tsohuwar butar shayi ko mazaunin kyandir na azurfa a kan kuɗin da ya ninka darajar nauyin azurfarsa sau da yawa. Mai saye kuwa ba ya fara duban adon da ke jiki, sai ya kifa kayan tukuna ya nemi waɗansu 'yan ƙananan tambura da ba su fi ƙwayar dawa girma ba. Tarihin waɗannan tambura nake so mu ɗan waiwaya.

Tsantsar azurfa tana da laushi, sai an gauraya ta da jan ƙarfe take yin ƙwari. To, a nan ha'inci yake samun ƙofa, domin ido ba ya gane yawan jan ƙarfen da maƙeri ya zuba. Saboda haka a shekarar 1300 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya kafa doka cewa duk kayan azurfa su zama daidai da ta kuɗin ƙasa, wato kashi 925 cikin 1,000, kuma kada a sayar sai an gwada an buga musu tambarin kan damisa. A 1363 aka tilasta wa kowane maƙeri buga nasa tambarin, don a san wanda za a kama in an sami algus. A 1478 aka ƙara harafi mai nuna shekarar gwaji, sa'an nan a 1544 aka kawo tambarin zaki mai tafiya. Da aka buɗe ofisoshin gwaji a Birmingham da Sheffield a 1773, na farko ya ɗauki ƙugiyar jirgin ruwa, na biyu ya ɗauki kambi. Ke nan wanda ya iya karatunsu zai faɗa maka gari da shekara da maƙeri, ko da kayan sun shekara 300.

Me ya sa tsofaffin kayan suka yi ƙaranci haka? Dalili shi ne a wancan zamani kwanon azurfa ajiya ce ta dukiya, ranar da ta ɓaci sai a narka shi a buga kuɗi. Lokacin yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642, kwalejojin Oxford sun miƙa wa Sarki Charles na Ɗaya kayan azurfarsu aka narkar don biyan sojoji. A Faransa abin ya fi haka muni. A ƙarshen 1689 Sarki Louis na 14 ya sa aka kwashe tebura da kujeru da tukwanen furanni na azurfa daga fadarsa ta Versailles, kimanin tan 20, aka narkar da su saboda kuɗin yaƙi. Aikin da gwanaye suka shekara da shekaru suna yi ya tafi cikin 'yan watanni.

Wani lokaci kuma maƙera ne suke narka kuɗin ƙasa su ƙera kwanuka. Don toshe wannan kafa, daga 1697 zuwa 1720 hukuma ta ɗaga ma'aunin kayan azurfa zuwa kashi 958, yadda azurfar kuɗi ba za ta wadatar ba. A daidai wannan zamani ne maƙeran Faransa mabiya ɗariƙar Furotesta suka kwararo Landan, bayan Louis na 14 ya soke dokar da ta ba su 'yancin ibada a 1685. Daga cikin zuriyar Faransawa mabiya wannan ɗariƙa aka sami Paul de Lamerie, wanda ya rayu daga 1688 zuwa 1751, wanda kuma masu tara kayan tarihi suke rububin aikinsa har gobe.

Amma fa ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa mai dabara a kasuwa. Da aka sa harajin sisi a kan kowace oza ta azurfa a 1720, waɗansu maƙera sai su kai ƙaramin abu a buga masa tambari, su yanko wurin, su liƙa a gindin babbar buta. A 1757 aka mai da hukuncin jabun tambari ya zama kisa. Bayan haka, a 1840 gidan Elkington na Birmingham ya yi rajistar hanyar shafa azurfa a kan wani ƙarfe da wutar lantarki. Wanda ya ga haruffan EPNS a gindin cokali ko kofin gasar wasanni, to shafe ne kurum.

Mu ma azurfar Turai ta iso mu, ta hannun fatake. Dalar nan mai hoton Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa, maƙeran fari suna narka ta su yi mundaye da zobba da kayan doki. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga dalar da wannan shekara ɗin a jikinta har bayan ƙarni biyu. Don haka wanda ya gaji guda a adakar kakarsa kada ya yi saurin cewa ta 1780 ce. Harafin shekara na Landan kuwa sauya shi ake yi kowace shekara, shi ya sa masu saye suke amincewa da shaidarsa.