Daga Totuwar Kara Zuwa Farin Soso: Tarihin Ƙere-ƙeren Yara a Ƙasar Birnin Gwari

Idan aka girbe dawa a ƙasar Birnin Gwari, wajen Nuwamba zuwa Disamba, zangarniya ta nufi rumbu, kara kuwa rabonsa ake yi. Maigida ya kwashi na danni, mata su kwashi na hura wuta da na toka, shanun makiyaya su bi gona su cinye ganyen. Abin da ya saura na yara ne. A Gwaska da Kuyello da Dogon Dawa da sauran garuruwan bakin daji, kamar sauran ƙasar Hausa, wannan ragowar ce ta daɗe tana riƙe da wata sana'a wadda ba ta da sarki, ba ta da rumfa a kasuwa, ba a kuma kai yaro koyonta wurin kowa, amma da wuya a sami dattijon da ya tashi a karkara bai taɓa yin ta ba.

Aikin yana farawa ne da zaɓen kara. Wanda ya bushe sarai ake nema, musamman sille, wato siririn da ke can sama kusa da zangarniya, domin shi ne miƙaƙƙe mai doguwar gaɓa. Sai a ɓare bayansa zara-zara, totuwa ta fito fara fat, ga laushi, ga rashin nauyi. Hikimar tana nan: ba a zubar da ɓawon. Shi ake ferewa ya zama tsinke, a soka shi cikin totuwa ya haɗa wannan guntu da wancan. Kara ɗaya ya ba da katako, ya ba da ƙusa. Idan ana son abu ya lanƙwasa, kamar zagayen tabarau, ɓawon ake tanƙwarawa a cusa bakinsa biyu cikin guntun totuwa. Kaifinsa kuwa ba wasa ba, yana tsaga yatsa tun yaro bai ankara ba, kuma babu mai kai ƙara gida, don kada a hana shi komawa gobe.

Kara shi kaɗai ba ya gama mota. Taya daga sakaina ake fafe ta, daga baya aka koma yanka tsohon silifas da murfin kwalba. Gwangwanin madara ya zama tankin mai, ƙaya ta zama maƙalli, gawayi da jar ƙasa da shunin wanki su zama fenti. Inda akwai fadama da kurmi, gwangwalar tukurwa tana shiga aikin, ita da ake yin gado da kejin kanari da ita. A makarantun koyon zane na zamani akwai darasi guda a kan haɗa kaya iri-iri cikin aiki ɗaya. Yaran karkara sun riga darasin zuwa.

'Yan mata kuma nasu fagen 'yar tsana ne. Wata ta kara, wata ta ƙashin ƙafar akuya ko tunkiya, a yi mata kai da kakin zuma, a kitsa mata gashi da zare, a roƙo ƙyalle wurin tela a ɗaura mata zane da kallabi. Daga nan sai biki: a yi mata kayan ɗaki da 'yan tukwanen yumɓu, a kai amarya, bayan kwana biyu a yi suna. Duk tsarin auren garin yarinya ta haddace shi tun ba ta iya daka ba.

Me ya sa ƙera siffa ya tsaya a hannun yara, bai zama sana'ar manya ba kamar ƙira ko dukanci? Ba don ƙasar ba ta san gwanintar ba ne. A kudancin wannan jiha ta Kaduna, a ƙauyen Nok, masu haƙar kuza suka tono wani kan yumɓu a 1928. A 1943 aka kai wa masanin kayan tarihi Bernard Fagg wani kan da aka samo kusa da Jama'a, bayan wani ma'aikacin kuza ya kafa shi a kan mutum-mutumin korar tsuntsaye a gonarsa ta doya. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Jamus suka yi daga baya ya kai farkon al'ummar da ta yi waɗannan siffofi wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. A Kwatarkwashi ta Zamfara, arewa da dajin Birnin Gwari, an tono irin waɗannan siffofi na gasasshen yumɓu. Babban abin da ya hana manya wannan sana'a shi ne Musulunci, wanda ya tsananta a kan sassaƙa siffar mai rai saboda toshe ƙofar bautar gumaka. Sai dai malamai sun bar wa yara ƙofa, suna kafa hujja da ruwayoyin da suka nuna Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da wani doki mai fukafukai. Ta wannan ƙofa 'yar tsana ta rayu.

Manyan kuwa bango suka koma wa. Ƙasar Birnin Gwari tana da nata kaso a wannan tarihi, kodayake mai ɗaci ne. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, da bakan gizo da adon ƙasa da har yau masana gini ke zuwa kallo. Labarin baka ya ce bayan haka Sarkin Birnin Gwari na lokacin ya kira shi ya gina masa irinsa, da ya gama sai aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Ko yaya gaskiyar labarin take, ya nuna darajar da ake ba mai iya fitar da siffa daga ƙasa. Magina da suka biyo baya suka ci gaba da zanen dagi da takobi a fuskar zaure, suna shafe shi da makuba, kuma a tsakiyar ƙarni na 20 keke da mota da jirgin sama suka hau bangon gidajen Zariya.

Abin da magini ya gani ya ɗora a bango, shi yaro ya gani ya ƙera da kara. Tsohuwar hanyar da ta tashi daga Kaduna ta ratsa Birnin Gwari zuwa Tegina, ta miƙa kudu, ita ce babbar makarantar waɗannan yara, tare da wadda ta nufi Funtuwa. Manyan motocin katako masu ɗaukar hatsi, tankokin mai, tireloli, duk sun sami 'yan'uwansu na totuwa. Da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo ta shiga sahu. Rediyo ya zo, aka yi na kara har da eriya. Wanda ya jera waɗannan kayan wasa bisa shekarunsu zai karanta tarihin abin da ya shigo ƙasar, ɗaya bayan ɗaya. Abin takaici, babu mai ajiye su. Kafin damina ta kankama gara ta cinye, ko uwa ta tura su murhu.

Lokacin da wannan fasaha ke fita bainar jama'a shi ne watan azumi. Daga goma ga wata yara ke fita tashe, da gemun auduga da rawanin tsumma da tulun ciki na ƙunshin kaya, kowane wasa da kayan da aka ƙera masa. Fatake Hausawa sun kai irin wannan wasa har Wagadugu a ƙarni na 19, inda ya zama Dodo, wasan azumi da yaran Burkina Faso ke yi da fuskokin dabbobi na ƙwarya. A can ma, da kayan zamani suka samu, kwali da gwangwani suka shiga cikin aikin.

Kada a ɗauka totuwa abin rainawa ce. A ƙasar Meziko, mutanen Furefeca na yankin Micowakan sun daɗe suna niƙa totuwar karan masara su kwaɓa ta da gam ɗin tsirrai su yi siffofin abin bautarsu, saboda su yi sauƙin ɗauka zuwa fagen yaƙi. Da Sifaniyawa suka zo a ƙarni na 16, coci ya karɓi dabarar, aka riƙa yin siffofi masu tsayin mutum waɗanda mutum ɗaya ke iya ɗagawa. Wasu suna nan har yau, sun haura shekara 400.

Farin soso kuwa, wanda ya biyo bayan totuwa a hannun yara, wanda kuma masana ke kira folistirin, labarinsa daga ɗakin gwaji ya faro. Wani mai haɗa magani a Balin, Eduard Simon, ya ci karo da sinadarin a 1839 ba tare da ya san amfaninsa ba. Kamfanin IG Farben na Jamus ya fara sarrafa shi don kasuwa a farkon shekarun 1930. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ray McIntire na kamfanin Dow a Amurka ya samar da mai kumfa wanda aka sa wa suna Styrofoam, sannan a farkon shekarun 1950 kamfanin BASF ya fito da na Fritz Stastny, mai ƙananan ƙwayoyi da ake kumburawa da tururi. Shi ne wanda kowa ya sani, mai marmashewa. Kusan kashi 98 cikin 100 na jikinsa iska ce.

Ba wanda ya yi odarsa zuwa Birnin Gwari. A cikin kwali ya shigo, rungume da rediyo mai kaset da talabijin da firji, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1975 da ya sa ma'aikata rububin sayen kayan lantarki. Shekara guda bayan haka, a 1976, shirin ilimin firamare kyauta ya cika azuzuwa da yara, kowanne ana neman ya kawo aikin hannu a ƙarshen zango. Mai tsintsiya ya kawo, mai igiya ya kawo, wanda ya yi sa'ar tsintar soso a bayan shagon mai kayan wuta ya sassaƙa gida mai bene.

Nan ne bambancin yake, kuma ya fi yadda ake zato girma. Kara gini yake koyarwa. Guntunsa siriri ne, dole yaro ya auna, ya daidaita tsawo, ya san inda nauyi zai sauka, in ba haka ba motar ta wargaje tun kafin ta kai bakin zaure. Soso kuwa dunƙule yake zuwa, ragewa ake yi har siffa ta fito, wato sassaƙa. Yana ba da abin da kara ba zai iya ba: ƙubba mai santsi, hancin jirgi, harafi mai kauri. Amma yana da nasa sharaɗin. Wuƙa mai dakushi marmasa shi take yi, shi ya sa masu sana'ar ke yanka shi da zazzafar waya. Fentin mai da na feshi suna cinye shi, sai na ruwa, ko a fara shafe shi da farin gam ko farar ƙasar silin. Fetur kuwa narkar da shi yake yi ya koma danƙo, abin da masu faci suka gano da wuri suka riƙa toshe yoyon kwano da shi. Abin lura, hannun da ya saba da kara bai bar halinsa ba: har yau tsinken tsintsiya ake sokawa a haɗa soso da soso, kamar yadda ake yi wa totuwa.

A birane abin ya zama abincin manya. Masu ƙawata wurin biki a Kaduna da Kano da Zariya suna yanka sunan ango da amarya da furanni da ginshiƙai daga soso. Masu silin suna manna shi a kusurwar ɗaki da goshin gini, su bi shi da siminti, wato gurbin da adon magina ya riƙe a da. Ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello suna yin samfurin gidaje da shi. A harabar nan ce, tun tana kwaleji, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suna kira da a haɗa dabarun waje da gadon gida. Kiran nasu ya tsaya a manyan ɗakunan nuni, bai gangaro kan motar kara ba.

Illar soso kuwa ita ce ba ya mutuwa. Motar kara idan ta lalace taki ce. Soso sai dai ya farfashe, iska ta watsa shi, kaji su tsattsage shi, ya toshe magudanar ruwa, ya yi shekaru aru-aru bai ruɓe ba. Idan aka ƙona shi baƙin hayaƙi yake yi mai cutarwa, kuma a 2018 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sinadarin da ake yin sa da shi cikin jerin waɗanda ake kyautata zaton suna jawo cutar. A Janairun 2024 gwamnatin Legas ta haramta mazubin abinci na soso saboda yadda ya cike kwatocin birnin.

Amma a Gwaska ba soso ne ya fi yi wa kara illa ba. Ranar 5 ga Mayu, 2018, 'yan bindiga suka afka wa garin, rahotanni suka ce an kashe aƙalla mutum 45, aka ƙona gidaje. Shekarun da suka biyo baya, gonaki da yawa a gefen dajin Kamuku da Kuyambana sun koma saura, iyalai suka yi hijira zuwa cikin garin Birnin Gwari da Kaduna da Zariya. Inda ba a shuka dawa ba babu kara, kuma yaron da ya tashi a gidan haya a birni bola ce gonarsa. Sana'ar da ba a rubuta ba, wadda wa ke koya wa ƙane a gindin rumbu, shekara goma ta isa ta katse ta.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamnan Kaduna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar shanu bayan sulhun da aka ƙulla, manoma kuma suka fara komawa gonakinsu. Dattawan da suka iya motar kara da tabarau da keji suna nan da ransu. Ya kamata malaman firamare na yankin su gayyato su ajin aikin hannu a kakar bana, gidan tarihi na Kaduna kuma ya aika a sayo kaɗan daga abin da za su ƙera, a rubuta sunan garin da shekarar, a adana.