Mudun Awon Turanci: Daga Kwalejin Katsina Zuwa Jami'ar Dutse

Duk yaron da ya taso daga Garki yana neman digiri a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, sai an auna Turancinsa sau uku. Da farko sai ya sami kiredit a jarrabawar WAEC ko NECO, sa'an nan ya zauna ta JAMB, bayan ya shiga kuma ya ci kwas ɗin Turanci da ke kan kowane ɗalibi a shekarar farko. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne mu waiwayi tarihin wannan mudu, mu ga abin da yake aunawa.

Sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, da Hausa ake koyarwa. Turanci ya sami gindin zama ne a Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malamai. Ɗalibanta ba su da yawa, saboda haka malami yana iya sauraron kowa, ya gyara masa lafazi. Kwalejin ta yi suna wajen iya furta Turanci, kuma a cikinta Abubakar Tafawa Balewa ya yi karatu, wanda har gobe ake misali da daɗin muryarsa. A wancan zamani kunnen malami shi ne babban ma'auni.

To, da makarantu suka yawaita sai awon ya koma hannun hukumomi. An kafa WAEC a 1952. Shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, sa'an nan a 1978 aka kafa JAMB don tace masu neman shiga jami'a. Dubban ɗalibai ba sa sauraruwa ɗaya bayan ɗaya, don haka aka dogara ga tambayoyin zaɓi, inda ɗalibi zai ɗauki amsa ɗaya cikin huɗu. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta JAMB. Abin mamaki, hatta sashen lafazi na WAEC a nan Nijeriya a takarda ake amsa shi, ɗalibi bai buɗe baki ba.

Wannan tsari yana da amfaninsa, domin na'ura ba ta san ɗan wane ba, kuma ba ta gajiya da maki. Amma fa sanin dokokin harshe daban, iya sarrafa shi daban. Ana samun wanda ya ci maki mai yawa, amma ranar kare kundin digiri, da yake ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai baki ya mutu. Haka kuma akwai haziƙin ɗan ƙauye wanda ya san lissafi sarai, amma rashin kiredit ɗaya ya tsare masa ƙofa.

Ba cewa muke a koma zamanin Katsina ba, domin 'yan ƙalilan ne suka ci moriyarsa. Roƙonmu ga malamanmu shi ne a cikin kwas ɗin shekarar farko a ware maki na sosai ga jawabi a gaban aji, da muhawara, da rubuta wasiƙa da rahoto. Mu kuma 'yan'uwa ɗalibai masu nazarin Hausa, mu tambayi kanmu: da wane mudu ake auna tamu Hausar?