Tarihin Gano Yadda Hasken Rana da Iskar Oksijin ke Cin Roba

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda masana suka gano dalilin da ya sa roba, wato irin ta leda da bokiti da kujera da buhu, take koɗewa, ta bushe, ta farfashe in ta daɗe a rana. Za mu nuna cewa hasken rana kunna wutar kurum yake yi, iskar oksijin ce ke hura ta.

2.0 Daga Danko aka Faro

Wannan matsala ta girmi robar masana'antu. A shekarar 1861 masanin sinadarai A. W. Hofmann, Bajamushe mai koyarwa a Landan, ya yi nazarin wani danko da ake kira gatafaca, wanda aka lulluɓe wayoyin tangaraho da shi a ƙasar Indiya, ya kuma lalace saboda yanayin ƙasar zafi. Ya tarar dankon ya sha iskar oksijin. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, Moureu da Dufraisse na Faransa suka nuna cewa ɗan ƙanƙanen abu daga wasu sinadarai yakan dakatar da irin wannan ci. An sami magani ke nan tun ba a gama sanin cutar ba.

3.0 Yadda Cin ke Gudana

Cikakken bayani bai samu ba sai 1946, lokacin da Bolland da Gee suka fitar da sakamakon bincikensu a cibiyar binciken danko ta Ingila. Roba dai dogayen sarƙoƙi ce na kabon da haidurojin. In zafi ko haske ya fizge haidurojin ɗaya, sai a bar gurbi mai neman abokin haɗi, wanda masana ke kira radikal. Nan da nan oksijin ya kama gurbin, shi kuma sabon radikal ɗin ya ƙwaci haidurojin daga sarƙar da ke maƙwabtaka da shi, ya bar ta da nata gurbin. Abin da aka haifa a wannan ƙwace, wato haidurofaroksaid, ba ya jure haske. Yakan rabe biyu, kowane ɓangare ya tayar da sabuwar ɓarna.

Bugu da ƙari, tun wajen 1930 zuwa 1940 Norrish na Jami'ar Kambirij ya bayyana yadda haske ke tsinka sinadaran da kabon ɗinsu ya ƙullu da oksijin. Wannan ne ya warware wani abin ɗaure kai. Tsantsar foliyetilin, robar leda da aka gano a kamfanin ICI a 1933, ba ta shan hasken ultrabayolet da ke isowa ƙasa, amma tana lalacewa a rana. Dalili kuwa, tun a wurin narkarwa oksijin kan riga ya shige ta, kuma waɗannan 'yan tabo ne ke karɓar hasken. Folifurofilin, robar buhu da Natta ya samar a Italiya a 1954, ta fi saurin mutuwa, domin haidurojinta ya fi sauƙin fizga.

4.0 Neman Kariya

A 1956 Hawkins da Lanza na ɗakin binciken Bell a Amurka suka haɗa foliyetilin da baƙar kunkunniyar kabon da sinadarin hana cin oksijin, suka sami rigar wayar tarho mai shekaru masu yawa a rana. Shi ya sa bututu da tankin ruwa da yawa baƙaƙe ne. Daga baya, wajen 1970 zuwa 1980, kamfanonin Sankyo na Japan da Ciba-Geigy na Suwizalan suka fito da sinadarai masu kama radikal ba tare da sun baƙanta robar ba.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa farfashewa ba ɓacewa ba ce. Sarƙa takan gajarce, robar ta zama gari, amma garin roba ne har yanzu. A 2004 Thompson da abokan aikinsa suka ba da rahoton irin wannan gari a tekun Ingila. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta haramta, daga 2021, robar da ake sa wa sinadarin gaggauta ruɓewa a rana. Ga ƙasashenmu masu zafin rana, darasin biyu ne: mai saye ya nemi roba mai kariya, kuma kada a bar wa rana aikin kwashe shara.